Kafin A Yanke Wa Turumbar Jaz Hukunci

Duk wanda ya ratsa ta unguwar makanikai ta garin Gadarif, wadda mutanen gari ke kira Mandika Sina'iyya, a tsakanin ƙarshen damina da shigowar kaka, zai tarar da motocin a-kori-kura, waɗanda a nan aka fi sani da boksi, an jera su an buɗe bonet, kowace da mai ita a gefe ya yi tagumi. In ka tambayi abin da ya faru, amsar kusan ɗaya ce a bakin kowa, wai turumba ce ta mutu. Turumbar jaz ke nan, wato famfon da ke tura man dizal cikin inji, wanda 'yan uwanmu na Kano da Maraɗi ke kira injekta. Wannan kalma ta zama abin tsoro ga duk ɗan kasuwar da ke da mota a hanyar Doka zuwa Gallabat ko ta Hawata da Mafaza, domin da zarar usta ya ambace ta, to ya ambaci kuɗin da ka iya cinye ribar kaka guda, ga zaman jira na kwanaki, alhali kaya na kwance a ƙauye.

Abubuwa biyu ne suka sa muka ga ya dace mu yi sharhi a kan wannan lamari. Na farko, turumbobi na mutuwa da gaske, kuma mafi yawan abin da ke kashe su yana shigowa ne ta bakin tanki. Na biyu kuma, wanda ya fi ba mu takaici, akwai turumbobi da dama da ake kwancewa a ɗora musu laifi alhali lafiyarsu ƙalau, cutar tana wani wuri da ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka kashe.

Idan mai karatu bai manta ba, tun a tsakiyar shekarun 1940 ne Turawan Ingila suka fara noman tarakta a yankin Gadambaliya, kuma daga nan ne Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar Sudan, inda ake noma miliyoyin fadan da ruwan sama kaɗai. Wannan arziki kacokan a kan jaz yake tafiya. Tarakta jaz take sha, haka injin girbi, haka manyan motocin da ke kai riɗi Bur Sudan, haka tankar ruwa da injin niƙa da janareto. Ita kuwa boksi ita ce igiyar da ta haɗa gona da kasuwa, domin ita ke shiga inda babbar mota ba ta iya shiga, ta kai leburori da abincinsu, ta fito da buhuna, ta ɗauki albasa da sabulu da man girki zuwa kasuwannin iyaka. Manomin riɗi kuma ya san cewa riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna a watan Oktoba ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, sai kwanson ya fashe ya zube ƙasa. Saboda haka motar da ta kwanta mako guda a wannan lokaci asararta ta wuce kuɗin gyara nesa ba kusa ba.

To daga ina man da muke zubawa yake fitowa? A nan ne labarin siyasa ya shigo cikin labarin gareji. A shekarun baya matatar Jaili da ke arewa da Khartum, wadda ƙarfinta ya kai tace ganga 100,000 a kowace rana, ita ce ke ba ƙasar kaso mai tsoka na man da take sha, har ma tankoki na bi ta nan Gadarif su tsallaka Gallabat su kai fetur ƙasar Habasha. Ɓallewar Sudan ta Kudu a shekarar 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen man ƙasar. A watan Yunin 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta janye tallafin fetur da jaz baki ɗaya. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, waɗanda a nan ake kira Da'am Sari', inda matatar ta faɗa hannun dakarun tun a farkon yaƙin, ba ta dawo hannun sojoji ba sai a watan Janairun 2025, bayan gobara ta yi mata mummunar ɓarna. Garin Madani, wanda shi ne mahaɗar hanyarmu da tsakiyar ƙasa, ya faɗi a watan Disambar 2023, aka karɓo shi a Janairun 2025. A watan Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan ajiyar mai a Bur Sudan. Ta ɓangaren iyaka ma ba a tsira ba, domin a watan Satumbar 2024 an rufe mashigar Gallabat na wani lokaci bayan da mayaƙan Fano suka shiga garin Matama.

Ma'anar wannan duka ga mai boksi ita ce, litar jaz ɗin da a da ke fitowa daga matata ta shiga tanka ta sauka a gidan mai, yaƙi ya mayar da ita mai dogon zango. Daga jirgin ruwa zuwa rumbu, daga rumbu zuwa tanka mai tafiyar sama da kilomita 700 ta Haya da Kasala, sannan a lokutan ƙarancin mai ta koma duro, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa galan ɗin ɗan bumburutu a bakin hanya. Kowane hannu da ta bi akwai abin da yake ƙara mata, wani da gangan, wani da sakaci. Ba muna cewa duk mai sayar da man jarka macuci ba ne. Da yawansu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu masu neman halali, kuma ba don su ba da motoci da yawa sun kwana a daji. Sai dai ita turumba ba ta san niyya ba.

Domin a fahimci dalilin haka, ya kamata a san yadda wannan ƙarfe yake aiki. Tsofaffin Hilux masu injin 2L da 3L da 5L, da Land Cruiser mai injin 1HZ wadda ake wa laƙabi da Tatsha, duk suna amfani da turumba mai juyawa, irin wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Denso na Japan kuma yake ƙera wa Toyota. A cikinta akwai ɗan sandan ƙarfe guda ɗaya tak, bai kai kaurin ɗan yatsa ba, wanda ke juyawa yana kuma kai da komo, shi ne ke matse man ya raba wa kowace silinda rabonta. In injin mai silinda huɗu yana juyi 2,400 a minti, wannan ɗan sanda yana harba mai sau 4,800 a mintin nan, wato sau 80 a daƙiƙa guda. Kuma kowane harbi sai ya haura bar 100 na matsi kafin nozul, wadda ustocin nan ke kira funiya, ta buɗe baki. Iskar da ke cikin tayar boksi ba ta wuce bar uku zuwa huɗu ba. Ratar da ke tsakanin sandan da ramin da yake gudu a ciki kuwa 'yan maikiron ce kawai, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin maikiron 70.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan turumba ba ta da baƙin mai na kanta. Jaz ɗin da take turawa shi ne ke shafa mata jiki, shi ne kuma ke sanyaya ta. Haka abin yake ga turumbar taraktocin Massey Ferguson da yawa masu injin Perkins. Wannan ne ya bambanta ta da turumbar jere ta manyan motoci, wadda ƙasanta ke wanka da baƙin man inji, shi ya sa ta fi jure wulaƙanci. Saboda haka duk abin da ya rage wa jaz santsi, to kai tsaye ya sa ƙarfe na cin ƙarfe.

Babban abokin gaba shi ne ruwa. A ƙa'idar ƙasashen Turai, ruwan da aka yarda ya kasance cikin dizal bai wuce miligiram 200 a kilo guda ba, wanda in aka auna shi da duro mai lita 200 bai wuce cokali biyu zuwa uku na cin abinci ba. Mu kuwa a nan, duron da aka bari a tsaye a fili da damina, ruwan sama na taruwa a kansa, rana ta dafa shi iska ta fita, dare ya yi ya huce ya tsotso ruwan ta bakin murfi, ko da an ɗaure shi tam. Duron da aka sha rabi ma yana yin gumi daga ciki. Ruwa ya fi jaz nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasa, kuma wanda tsautsayi ya sa aka zuba wa ƙarshen duro shi ke kwasar rabon kowa. In ruwan ya daɗe, wasu ƙwayoyin halitta na tsirowa a tsakaninsa da man, su zama baƙar yauƙi mai toshe filta. In kuma ya kai ga turumba, mota ta kwana biyu ba a tayar ba, sai tsatsa ta kama sassan da ko yatsa ba a so ya taɓa.

Sai ƙura. Baƙar lakar Gadarif da ke riƙe mota da damina ita ce ke zama gari mai laushi da rani, tana shiga mazurari da tiyo da bakin jarka. Tsumman da ake tace mai da shi yana kama tsakuwa da ciyawa ne kawai, abin da ke cin turumba ido ba ya ganinsa. Na uku shi ne gauraye. Kananzir yana ƙonewa a injin dizal, mota za ta tashi ta yi tafiya, shi ya sa mai saye ba ya ganewa nan take, amma ba shi da santsin jaz. Fetur ya fi shi muni. Akwai kuma masu zuba tsohon baƙin mai a tanki wai don a ƙara wa jaz kauri, alhali tsohon baƙin mai cike yake da garin ƙarfe da toka.

Wannan ke nan game da turumbar da ta mutu da gaske. Amma masu iya magana na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, haka kuma ba a yanke hukunci kafin a ji shaidu. Alamomin da ake danganta wa turumba, wato ƙin tashi, rashin ƙarfi a hawa, shaƙewa, hayaƙi da mutuwa a tsakiyar hanya, babu ɗaya daga cikinsu da ta keɓanta da ita.

Usta na ƙwarai da tambaya yake farawa kafin ya ɗauki sifana. A ina aka sha mai na ƙarshe? Abin a hankali ya fara ko farat ɗaya? Da safe ta fi ƙin tashi ko bayan ta yi zafi? Ita turumba mai juyawa galibi a hankali take tsufa, tana ba da sanarwa makonni kafin ta kwanta. Motar da ke tafiya lafiya ta mutu nan take kamar an kashe makulli, to a fara duba ɗan makunnin lantarki da ke bayan turumbar, wanda ke buɗe wa mai hanya. In an murɗa makulli ya kamata a ji ya yi ƙas. In bai yi ba, sau da yawa waya ce guda ta tsinke ko fis ya ƙone, aikin minti goma. In kuwa ya yi ƙara amma inji na juyawa da sauƙi fiye da yadda ya saba, a duba bel ɗin tayimin, wanda a tsofaffin injunan nan ake so a canza duk bayan kilomita 100,000, mu kuwa sai ya tsinke muke tunawa da shi.

Daga nan sai filta. A ƙasanta akwai ɗan murfin da ake kwancewa a tsiyayar da ruwa, akwai kuma fitila a gaban direba da ke kunnuwa in ruwan ya taru. Abin mamaki, direbobi da yawa cire wayar fitilar suke yi don ta daina damunsu. A tsiyaye abin da ke ciki a kwalba mai haske a duba. A saman filtar kuma akwai famfon hannu, wanda shi kansa likita ne ga wanda ya iya karanta shi. In ana danna shi ya ƙi yin tauri, iska na shiga ta wani wuri. In kuwa inji na aiki aka ga ya lotsa ciki ya ƙi dawowa, to hanya ta toshe tsakanin tanki da filta, ko ragar da ke cikin tanki ta cika da datti, ko tiyo ya lanƙwashe, ko kuma murfin tanki ya daina shaƙar iska. Wanda ya buɗe murfin tanki bayan doguwar tafiya ya ji ya ja iska da ƙarfi, ya sami ɓarawonsa.

Shigar iska ita ce ta fi yaudarar mutane, saboda tiyon da ya tsage ta ɓangaren tsotso ba ya ɗigar da mai a gani, iska kawai yake sha. Maganin gardama a nan ɗan guntun tiyo ne mai haske da za a sa tsakanin filta da turumba, in akwai kumfa za a gan shi yana wucewa. Gwajin da ya fi kowanne raba gardama kuma shi ne a kawo jarka mai tsabta da jaz ɗin da aka amince da shi, a ɗora ta sama, a ba turumbar kai tsaye ta sabuwar filta. In mota ta warke, turumba ta kuɓuta, a koma baya a nemi cutar. Muna ganin duk mai motar da aka ce wa a kwance turumba yana da haƙƙin ya ce a yi wannan gwaji a gabansa tukuna, kuma ustan da ya ƙi, to akwai abin dubawa a lamarinsa.

Hayaƙi ma yana da yarensa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu, filtar iska ce abar zargi ta farko, sai nozul masu zubar da mai maimakon fesawa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan maganar ringi ce ko tabo, babu ruwan turumba. Farin hayaƙi mai yaji a ido jaz ne da bai ƙone ba, wanda ke iya zama tayimin ya goce, ko hita ta mutu, ko injin ya rasa matsi saboda tsufa. Motar da ke wahalar tashi da asuba a lokacin sanyi amma in ta yi zafi ta tashi da bugu ɗaya, a duba hita da batir da matsin silinda. Injin dizal da zafin matsi yake kama wuta, don haka batir mai rauni da ke juya shi a hankali ya isa ya hana shi tashi ko da turumbar sabuwa ce fil. In kuma inji na rawa kamar silinda ɗaya ba ta aiki, a tsofaffin injuna ana sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, wadda aka sassauta sautin inji bai canza ba ita ce mai matsala, a cire ta a kai ta na'urar gwajin fesawa.

To yaushe ne laifin na turumba ne? Alamar da ta fi bayyana ita ce akasin wadda muka ambata, wato mota ta tashi lafiya da safe, amma in ta yi zafi aka kashe ta a shingen bincike ko a bakin kasuwa, sai ta ƙi tashi har sai ta huce. Dalili shi ne jaz mai zafi ya fi ruwa-ruwa, sai ya zille ta gefen sandan da ya riga ya cinye. Wasu na zuba ruwa a kan turumbar don ta huce, in mota ta tashi sun tabbatar da zarginsu. Gwajin na nuna gaskiya, amma ruwa mai sanyi a kan ƙarfe mai zafi na iya sa sandan ya cije, a tashi daga jinya a koma jana'iza. Alama ta biyu ita ce garin ƙarfe mai ƙyalli a cikin man da ke komawa tanki ko a kan ɗan makunnin nan in an cire shi. Ta uku ita ce ɗigar mai ta gaban turumba. A injin 3L da 5L man na zuba ne a kan bel ɗin tayimin ya ruɓar da shi, a 1HZ kuwa yana gangarawa cikin baƙin mai. Duk direban da ya ga baƙin mai na ƙaruwa maimakon raguwa, yana kuma warin jaz, ya tsaya nan take, domin injin na iya fara shan baƙin man nasa ya yi ta gudu ko an zare makulli.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu yi magana a kanta ba tare da kara ba. Mota in ta rasa ƙarfi, sai a fasa hatimin dalma da ke kan sukurun mai a murɗa shi, wai an buɗe mata wuta. Mota za ta ja na ɗan lokaci, tana tafe tana turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar raƙumi, har ranar da zafi zai fasa kan silinda ko ya narka fistin. Haka kuma akwai ƙusoshi biyu masu rami da ke ɗaure bututun shiga da na fita, kamanninsu ɗaya amma na fita an rubuta masa OUT kuma raminsa ƙarami ne ƙwarai. In yaron gareji ya musanya su, mota za ta rasa ƙarfi, a yi ta neman aljani a inda babu shi.

Duk abin da muka faɗa a sama game da sassauta bututu bai shafi sababbin motoci ba. Hilux ɗin da suka fara shigowa daga tsakiyar shekarun 2000 masu injin 2KD da 1KD, da waɗanda suka biyo baya daga 2015 masu 2GD da 1GD, tsarinsu daban ne. Turumbarsu tana tara mai ne a bututu guda da matsin da ya haura bar 1,300, a sababbin ma ya wuce 2,000, kwamfuta ce kuma ke buɗe kowace nozul. Man da ya tsarto da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, har ya kai ga yanke yatsa ko hannu. Irin waɗannan sai da na'urar karanta kwamfuta, a ga matsin da injin ke nema da wanda yake samu, sannan a auna man da kowace nozul ke mayarwa baya, domin nozul guda mai zuba ta isa ta zubar da matsin duka ta hana mota tashi. Akwai kuma wani ɗan bawul a jikin turumbar mai daidaita man da take tsotsa, wanda in ya fara cijewa mota kan mutu a tsaye ko ta rasa ƙarfi, kuma ana canza shi shi kaɗai. In kuwa turumbar ta riga ta yi gari, to sai an wanke tanki da bututu duka an duba nozul, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahun tsohuwar.

Kada a ɗauka wannan matsala ta talakawan Afirka ce kawai. A Amurka, inda ake tace mai da ƙa'ida, kamfanin da ke ƙera a-kori-kurar Ram ya janye motoci sama da 200,000 a ƙarshen shekarar 2021 saboda turumbarsu na cin kanta tana watsa garin ƙarfe. In haka ta faru a can, ɗan kasuwar da ke shirin sayar da tsohuwar 5L ya sayi sabuwa mai kwamfuta don ya riƙa shiga da ita Basunda da ƙauyukan Fashaga yana shan man jarka, ya kamata ya sake lissafi. A ganinmu, muddin man da za a samu a hanya ba shi da tabbas, tsohuwar ta fi rufin asiri.

Sai batun kayan gyara. Yaƙin 2023 ya tarwatsa manyan kasuwannin kayan mota na Khartum, kuma cikin dubun-dubatar mutanen da suka yi gudun hijira zuwa Gadarif har da masu sana'ar hannu, wanda hakan ya ƙara wa garin ƙwararru. Sai dai gyaran turumba ba aikin gindin bishiya ba ne. Yana buƙatar ɗaki mai tsabta da bencin gwaji, inda za a juya ta a auna abin da take bai wa kowace silinda a gudu daban-daban. Wanda ya kwance ta a kan buhu a ƙasa, iska na kaɗawa, ya mayar ya daidaita da kunne, ya sayar maka da 'yan watanni ne kawai. Filtar jabu kuma ta cika kasuwa, kwalinta ya fi na gaske kyau, cikinta kuwa takarda ce da ba ta tace komai. Game da turumbobin kwance da ake tallatawa da araha, kowa ya san dubban motoci aka wawashe a Khartum da Jazira a wannan yaƙi, da yawa an yi musu gunduwa-gunduwa. Wanda ya sayi abin da bai san asalinsa ba yana iya sayen haƙƙin wani bawan Allah, ga kuma abin da zai biyo baya in hukuma ta bi lambar.

Wa zai ɗauki asara in turumba ta mutu? Wannan tambaya ta raba iyayen gida da direbobi da dama, har da waɗanda suka shekara goma tare. Mai mota zai ce direba ya karɓi kuɗin man gidan mai ya sha na bumburutu ya soke canji. Direba zai ce Alhaji ne ya hana kuɗin filta wata shida. Sau da yawa duka biyun suna da gaskiya. Abin da zai rage wannan rigima shi ne a riƙa rubutawa, a ajiye ɗan littafi a mota, duk inda aka sha mai a sa wuri da rana da yawan lita, duk ranar da aka canza filta a sa. In an sayi man duro, a cika ƙaramar kwalba a ajiye, domin ranar da za a je gaban shugaban kasuwa a sami abin nunawa.

Muna kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kaya da Ma'auni ta ƙasa da hukumomin jihar Gadarif da su riƙa ɗibar samfurin mai a gidajen mai da wuraren ajiya na ƙananan hukumomi, musamman a watannin Yuni da Yuli da ake rabon man noma, da kuma gab da girbi, su kuma bayyana sakamakon a rediyo kowa ya ji. Amma kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi za su iya yi da kuɗin da bai kai na buhun riɗi ba. Akwai ɗan ma'aunin gilashi da ake tsomawa a mai ya nuna nauyinsa. Lafiyayyen jaz yana tsakanin 0.82 da 0.845 a ma'aunin, kananzir kuwa yana ƙasa da haka, sai dai a tuna cewa zafin rana na rage lambar kaɗan, don haka a gwada da man da aka amince da shi a lokaci guda. In kowace tasha daga Gadarif zuwa Gallabat ta ajiye guda ɗaya a hannun sarkin tasha, tare da kwalba mai haske da mazurari mai raba ruwa, mai gauraye zai san an farka.

Ga masu ajiye duro a gida ko a gona, a kwantar da shi a gefe ko a karkata shi yadda ruwa ba zai taru a bakin murfi ba, a sa shi a inuwa, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu bayan an sauke kafin a ɗiba, kuma kada tiyo ya taɓa ƙasansa. A guji duron da aka shafa wa sanholo a ciki, domin jaz na narkar da shi ya toshe nozul. Direba kuma ya cika tanki da yamma maimakon ya kwana da rabi, ya tsiyaye filta duk mako da damina, ya riƙe sabuwar filta guda da sifanar cire ta a bayan kujera kafin ya kama hanyar Doka.